Filin Tambaya da Amsa: Ƙungiyar unguwa da rigimar kuɗin asusu

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan satin saƙonnin da suka shigo kusan duk a kan ƙungiyoyin taimakon al'umma suke, ina ga don an fara ganin hadari ne kowa ya tuna da kwatar ƙofar gidansu. Kamar kullum na cire sunaye, unguwa kawai na bari.

Tambaya daga wani matashi a Kurna

Salam Malam, dan Allah shawara nake nema. Mu 23 ne muka kafa ƙungiya shekara biyu kenan, aikinmu yashe kwata kafin damina da gyaran maƙabarta da kai mara lafiya asibiti in abu ya taso cikin dare. Kowa yana bada 500 duk sati kuma lafiya lau muke, sai wani Alhaji a layinmu ya bamu gudunmawa mai ɗan kauri yace mu sayi baro da shebur da manjagara, toh tun daga ranar aka fara ƙananan maganganu, ma'ajin namu a akawun ɗinsa kuɗin suke shiga in ka tambaya sai yace wato baka yarda dashi ba kenan, kuma wallahi abokina ne tun makarantar allo bana so mu ɓata. Yanzu mutum 6 sun daina zuwa mitin. Ya zamuyi?

Amsa

Wa'alaikumus salam ƙanina, Allah ya saka muku da alheri. Abin nan da kuke yi ba baƙo bane a garin nan, shi ne aikin gayya da kakanninmu suka saba, a taru a yi yaɓen masallaci ko a yashe kududdufi, suna kawai aka canza masa aka ce ƙungiya. Bambancin shi ne su da ƙarfinsu kawai suke zuwa, ku kuwa kun haɗa da masu gidan rana, kuma su in suka shigo sai an yi musu shimfiɗa ta musamman.

Bari in baka labarin tamu. Shekarun baya muna da irin wannan ƙungiyar a unguwarmu, ma'ajinmu mutumin kirki ne wanda ko allura ka yar zai biyo ka da ita, a aljihun gaban rigarsa yake ajiye lissafi a bayan wata tsohuwar takardar wuta duk ta ninke ta yi laushi. Rannan haihuwa ta zo wa iyalinsa da gardama aka ce sai an yi aiki, cikin dare ba kowa, ya ɗebi kuɗin ƙungiya da niyyar in an yi albashi ya mayar, wanda ni ma da nine a gurin haka zan yi. Matsalar bai faɗa wa kowa ba, kunya ta hana shi, mu kuma da muka zo sayen siminti za mu gyara katangar maƙabarta sai aka ga kuɗi basu cika ba, ya ciro takardar nan biro ya riga ya cinye da gumi ba a iya karanta komai. Har yau akwai mutum biyu da basa gaisawa a kan wannan. Ba sata yayi ba, mu ne muka ɗora masa kayan da ba a ɗora wa mutum ɗaya.

Don haka kar ku je masa da fuskar tuhuma. Ku kira mitin ku ce doka za ku yi wa kujerar, ko waye ya hau, har kai. Kuɗi su bar akawun ɗin mutum su koma na ƙungiya, mutum uku masu sa hannu, ba a cire ko sisi sai biyu sun sa. Mai riƙe kuɗi daban mai rubutawa daban, a sayi littafi mai bango mai ƙarfi ba fallen takarda ba, duk mitin kafin addu'ar tashi a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban kowa ko da naira ɗari biyu ce ta fiya wata, duk alat ɗin da ya shigo a ɗauki hotonsa a jefa a guruf ɗinku na WhatsApp, in an je kasuwa sayen baro mutum biyu su je su karɓo rasit. In yace ai wannan rashin yarda ne ka tuna masa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni take a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma sahabbai aka fara faɗa wa. Sannan shi Alhajin da ya bada kuɗin ku tura masa lissafi da kanku tun bai tambaya ba, ku kai baron har ƙofar gidansa ya gani. Irinsu shiru suke yi, amma in basu ji bayani ba badi ba za ku gansu ba.

Maganar akawun ɗin ƙungiya kuma banki zai nemi takardu. Ku rubuta tsarin mulki ko shafi biyu ne, ku sa mai unguwa da limamin masallacinku su zama iyayen ƙungiya, ku fara da rajista a ƙaramar hukumarku. In kun yi ƙarfi sai ku je hukumar CAC mai yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, a dokar kamfanoni ta 2020 akwai ɓangaren ƙungiyoyi masu amintattu, ana buga sanarwa a jarida a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi kafin a bada satifiket, kuma bankuna kan nemi takardar SCUML, sashen hana halatta kuɗin haram da yake ƙarƙashin EFCC. Abin yana cin kuɗi da lokaci, don haka kar ku kwashe kuɗin shebur ku kai gurin lauya tun yanzu.

Af, tunda ka ambaci kwata bari in yi wani ƙorafi da ya daɗe yana cina. Sau nawa nake wucewa in ga samari sun sha wahala tun asuba sun yaso baƙin taɓo da leda da robobi sun jibge a bakin kwatar, an yi hoto an watse, kwana uku ruwan farko ya sauko ya maida komai inda aka ɗebo shi, awaki da ƴan adaidaita sun baza sauran a titi. Kafin ku sa shebur ku fara sanin motar da za ta kwashe, ku rubuta wa hukumar kwashe shara ta REMASAB ko ku yi karo-karo ku ɗauki tifa, in da hali ku daidaita aikin da Asabar ɗin ƙarshen wata ta tsaftar muhalli lokacin titi ba cunkoso. Kuma kar wanda ya shiga kwata da silifas, akwai fasassun kwalabe da allurai a ciki, a nemi takalmin ruwa da safar hannu.

Tambaya daga wata baiwar Allah a Gwale

Malam maigidana ne wani abokin kasuwancinsa ya gayyace shi ƙungiyar Rotary, ni kuma hankalina bai kwanta ba saboda na sha jin ana cewa ƙungiyar asiri ce, surukata ma tace in hana shi. Meye gaskiyar abin?

Amsa

Hajiya ba ƙungiyar asiri bace a iya abin da kowa zai iya gani da idonsa. Wani lauya Paul Harris ne ya kafa ta a birnin Shikago na Amurka a 1905 shi da abokansa ƴan kasuwa, sunan ma daga karɓa-karɓar da suke yi ne, yau mitin a ofis ɗin wannan gobe a na wancan, kamar dai yadda ake zagaya adashi. Abin da mutane da yawa basu sani ba, reshenta na farko a Najeriya a nan Kano aka buɗe shi a 1961. Babban aikin da aka fi saninsu da shi yaƙi da shan inna ne, tun 1985 suka sa shi a gaba, kuma mu Kanawa mun fi kowa sanin wannan tarihin, an dakatar da rigakafin a nan a 2003 saboda zarge-zarge aka dawo da shi a 2004, sai a watan Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa an rabu da asalin ƙwayar cutar a Afirka. Akwai takwararta Lions, ita ma a Shikago aka kafa ta a 1917, su sun fi ƙarfi a aikin ido.

Abin da zan ce ki lura da shi ba asiri bane, aljihu ne. Suna biyan kuɗin memba duk shekara banda gudunmawar ayyuka da liyafa, in cefanen gida yana tangal-tangal toh gida ya fi cancanta. Ya je mitin ɗinsu a matsayin baƙo sau biyu sau uku ya ga su waye a ciki, a ina suke zama, ana tashi a yi sallah in lokaci yayi, in ya ga abin da bai dace da addininsa ba ai ƙofar da ya shiga tana nan. Ita kuma Hajiya babba a bi ta a hankali, ɗanta ne zai yi mata bayani ba ke ba.

Tambaya daga wata uwar marayu a Ɗorayi

Malam ni ba tambaya bace sosai, ƙorafi ne. Da azumi wata ƙungiya ta kira mu rabon kayan abinci, tun ƙarfe tara muke layi a rana sai bayan azahar manyansu suka zo, aka bamu shinkafa kwano ɗaya da taliya biyu da ƙaramin mai, amma sai an tsayar da ke kin riƙe ledar an ɗauki hoto. Washegari ɗana ya dawo daga makaranta yana kuka wai yara sun nuna masa ni a waya. Na gode da abincin Allah ya sani, amma da na san haka ne da ban je ba.

Amsa

Innalillahi. Yaya ki yi haƙuri, ki rarrashi yaron ki faɗa masa ba abin kunya uwarsa tayi ba. Na karanta saƙon nan sau uku kafin in iya amsawa.

Ku kuma ƴan ƙungiyoyi da ku nake. Na san uzurinku, za ku ce masu bada kuɗi suna son shaida, kuma gaskiya ne yanzu na gama cewa a nuna lissafi. Toh ku ɗauki hoton buhunan da rasit da ku kanku kuna ɗaurin leda, meye na fuskar matar mutane? Alƙur'ani bai hana bayyana sadaka ba, aya ta 271 a Baƙara tace in an bayyana madalla amma a ɓoye a kai wa mabuƙata ya fi alheri, aya ta 264 kuma ta yi kashedin ɓata sadaka da gori da cutarwa, kuma tsayar da mai azumi awa huɗu a ranar Kano don a jira shugaba ya zo da babbar riga in ba cutarwa bace ban san sunanta ba. Na san wasu samari da suke rabonsu bayan tarawihi, mai unguwa da matan da suka san gidaje su bada suna, a sa kaya a adaidaita a yi sallama a miƙa wa yaro a soro a wuce, maƙoci ma bai san an zo ba. Nasu kayan basu kai na masu kyamara yawa ba amma ba wanda ɗansa yayi kuka.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari

Malam zan iya ba ƙungiyar unguwarmu zakkata su gyara kwalbati da ita?

Amsa

Alhaji ni ba mufti bane, amma abin da muka koya a gurin malamai zakka tana da gidajenta takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa, kwalbati baya ciki. Ka basu daga sadaka ko ka yi waƙafi, ladan mai gudana ne. In kana so su raba maka zakkar ga matalautan unguwa a matsayin wakilai wannan daban, amma a ware ta kar ta gauraya da kuɗin aiki. Akwai Hukumar Zakka da Hubusi ta jiha in kana son ƙarin bayani, ko ka tuntuɓi malaminka.

Tambaya daga wani ɗalibi a Hotoro

Mu ɗalibai ne bamu da kuɗi amma muna so mu yi wani abu, me za mu fara da shi?

Amsa

Jini. Ka je bakin ɗakin haihuwa na asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano da daddare ka ga yadda magidanci yake safa da marwa da waya a kunne yana neman wanda jininsu ya zo ɗaya da matarsa, ga kuma masu sikila da suke buƙata a kai a kai. Ku je ku gwada rukunin jininku gaba ɗaya, sakatare ya rubuta suna da rukuni da lambar waya a littafi, ku sanar da ɓangaren ajiyar jini na asibitin da ya fi kusa da ku cewa kuna nan. Leda ɗaya bata kai rabin lita ba, mai lafiya da ya kai shekara 18 kuma nauyinsa ya kai kilo 50 zai iya bayarwa, namiji ya huta kamar wata uku kafin ya sake, kuma sai an gwada shi an tabbatar ba ƙanjamau ba ciwon hanta kafin a ƙara wa wani. Masu O nagatif a cikinku ku riƙe lambarsu da kyau don sun yi ƙaranci. Sharaɗi ɗaya ku sa tun ranar farko, ba a karɓar ko kuɗin mota daga hannun dangin mara lafiya, in mutum bashi da na adaidaita ku haɗa masa a tsakaninku. Kuma a ci abinci kafin a je, na taɓa raka wani da ya tafi da cikin yunwa don nuna jarumta, a kan benci muka yi ta yi masa fifita da kwali.