Kawu, ga bayanin hoton nan

Kawu, Allah ya ƙara girma. Inna ta ce hoton yaran da na turo bayan Sallah ya ɗaga maka hankali, har kana tambaya ko mu 'yan Zango mun fara ziyarar gumaka ne.

Wurin filin tunawa da Kwame Nkrumah ne a Akra, wadda mu nan muke kira Ankara. A filin ya tsaya ranar 6 ga Maris 1957 ya shelanta 'yancin Gana, nan kuma aka maido gawarsa a 1992. Mutum-mutuminsa ne ka gani a bayan yaran ya miƙa hannu gaba, zubin tagulla.

Ni ma ranar da na fara zuwa sai da gabana ya faɗi. Wanda ya tashi a Daura, tarihi a wurinsa rijiyar Kusugu ce da takobin Bayajidda, bai saba ganin mutum a tsaye ba rai ba.

Malamanmu ba su sauya magana ba, sassaƙa siffar mai rai haramun ne, kuma ba gidan da za ka shiga a Nima ko Sabon Zango ka tarar da mutum-mutumi a falo. Dattawa da yawa ko ƙofar filin ba sa takawa. Mu masu yara muna zuwa, don ko mun ƙi makaranta za ta kai su, gara a je da uba a gefe. Ba ma rusunawa, ba ma ajiye fure kamar yadda baƙi ke yi. In la'asar ta riske mu, sai mu koma gefe mu shimfiɗa darduma inda mutum-mutumin ba ya gabanmu.

Akwai wani mutum-mutumin kuma a can baya. Da sojoji suka kifar da Nkrumah a Fabrairun 1966, yana kan hanyar Hanoi, jama'a suka tumɓuke mutum-mutuminsa da ke gaban majalisa. Yanzu ga gangar jikin a tsaye ba kai, ga kan an ɗora shi daban a gefe. Autata ta daɗe tana kallon dungulmin wuyan, sannan ta ja mini riga, wai Baba wa ya yanka shi? Tun daga nan har cikin motar haya bayanin juyin mulki nake yi, direba ma yana tsoma baki.

Hoton wannan ne ban turo ba, kada Inna ta kasa barci. A gaida mutan gida.