Me ya sa bishiyoyi ke rikita lissafin hasken dusar ƙanƙara?

Ɗan'uwa, ka ce tun da dusar ƙanƙara fara ce, me ya kawo maganar daji a hasashen yanayi? Tambayarka tana kan hanya.

Sabuwar dusar da ta zuba a fili fetal tana mayar da kusan kashi 80 cikin ɗari na hasken rana sama, shi ya sa ƙasar ba ta ɗumama. Amma a dazuzzukan arewacin Kanada da Rasha, inda bishiyoyi da yawa ba sa zubar da ganye, dusar tana kwance a ƙasa, rassa masu duhu suna samanta. Rana duhun take tararwa. Hasken da ke komawa sai ya sauko zuwa wajen kashi 20, sauran ya zama zafi.

An taɓa ganin illar hakan ƙarara. Wani bincike mai suna BOREAS da aka yi a dazuzzukan lardunan Saskatchewan da Manitoba na Kanada daga 1994 ya nuna manhajar cibiyar hasashen yanayi ta Turai, ECMWF, tana lissafa dajin da dusa ta rufe tamkar fili, sai ta riƙa hasashen sanyin da ya zarce gaskiya da digiri da dama. A 1996 aka gyara.

Abin da ya fi damuna shi ne Aktik, yankin sanyi na can ƙurewar arewacin duniya. Ɗumamar yanayi na sa ƙananan itatuwa yaɗuwa a filayen can, suna leƙowa ta saman dusa, suna shan rana, dusar ta narke da wuri, su kuma su ƙara samun wurin tsiro.