Abin da za a sa wa yara a kwandon makaranta in ba biskit da lemon kwali ba

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin tambaya ko akwai abin da za ki riƙa sa wa yaranki na firamare a kwandon makaranta a madadin biskit da lemon kwali, tunda kuɗin ya fara fin ƙarfinki, kuma duk da haka suna dawowa gida da yunwa. Na daɗe ina haɗa wa nawa abincin tara, don haka ga abin da na sani.

Yunwar da kike gani ba abin mamaki ba ce, domin biskit fulawa ce da sukari da mai, shi kuma lemon kwali yawancinsa ruwa ne da sukari, kuma irin wannan ba ya riƙe cikin yaro sai na ɗan lokaci. Tun a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a yini, ta kuma nuna cewa lemon gwangwani guda mai sukari yana iya ɗaukar kusan ƙaramin cokali 10 na sukari. Abin da na tsaya a kai shi ne, kowace rana kwandon ya ƙunshi abu guda mai riƙe ciki, da ɗan itace guda na lokacin da ake ciki, da gorar ruwa.

A cikin masu riƙe ciki, ban ga abin da ya kai awara sauƙin kuɗi ba. Ki jiƙa waken suya, ki niƙa, ki tace, ki tafasa ruwan, ki zuba ruwan tsamiya har ya dunƙule, sannan ki matse a ƙyalle mai tsabta. Idan kina da firij, kina iya yin ta da dare ki soya da asuba, ki barbaɗa ɗan yaji kaɗan. Alala da ƙosai ma suna yin wannan aikin, haka nan dafaffen ƙwai, wanda ya fi kyau a bar shi da ɓawonsa yaro ya ɓare da kansa. Dafaffen dankalin Hausa yana da arha, musamman da kaka, kuma idan kin samu wanda cikinsa ja ne, ya fi fari amfani ga idon yaro saboda sinadarin bitamin A. Dafaffiyar gurjiya da masara su ma da kaka ake cin arharsu.

Sai dai a nan ne iyaye da yawa ke sakaci, wato batun zafi. Ƙa'idar masana lafiya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba cikin sanyi ba kuma ba bisa wuta ba, mu kuwa a watannin Maris da Afrilu aji kansa yana ɗaukar zafi tun da hantsi. Saboda haka alala da awara da ƙosai na tarar farko ne, ki gaya wa yaran su cinye su a lokacin, kada su ajiye sai an tashi. Ki bar tururin ya ɗan fita kafin ki rufe mazubin don kada abincin ya yi gumi, ko kuma ki zuba shi da zafinsa a ƙaramar kula. Kunun aya da fura da nono, duk da amfaninsu, ba na sa su a kwando da bazara, domin suna saurin tsami. A gida nake ba su bayan sun dawo.

Na Islamiyya da lokacin wasa kuwa, busassun abubuwa sun fi dacewa: soyayyiyar gyaɗa, ƙuli-ƙuli, aya, dabino biyu ko uku, gugguru na gida, da kantun riɗi idan an rage masa sukari. Waɗannan ana yin su ranar hutu a zuba a kwalba mai murfi, su kai mako. Ki tsince gyaɗar da kyau, ki zubar da duk wadda ta yi fumfuna ko take ɗaci, domin irinta ke ɗauke da gubar da ke lalata hanta. Yaron da bai kai shekara 5 ba kuma kada a ba shi gyaɗa ko aya ko gugguru da ƙwayarsu, saboda suna iya shaƙe shi; a daka masa ƙuli-ƙuli ko a ba shi ayaba.

'Ya'yan itace ki bi lokacinsu, nan ne arhar take: mangwaro da bazara, lemo da karas da sanyi, sannan gwaiba da yalo da kankana duk sa'ad da suka cika kasuwa. Ranar da kika sa alala ko ƙosai, ki haɗa da lemo ko gwaiba, domin bitamin C da ke cikinsu yana taimaka wa jiki ya ja sinadarin ƙarin jini da ke cikin wake. Idan suna son abin sha mai launi, zoɓon gida da citta da sukari kaɗan ya wadatar.

Game da saye, wake da gyaɗa da waken suya ki saye su da kwano lokacin kaka. Idan kina Kano, ku haɗa kuɗi da maƙwabta a sayo a kasuwar Dawanau a raba, ya fi sayen ƙulli-ƙulli a shago sauƙi nesa ba kusa ba.

Kada kuma ki yanke biskit ɗin rana ɗaya, domin yaro yana jin kunyar buɗe kwandon da ya bambanta da na abokansa, har ya gwammace ya dawo da abincin bai taɓa ba. Ki fara da kwana biyu a mako, ki bar kowannensu ya zaɓi ɗan itacen da yake so, kuma ki riƙa duba kwandon idan sun dawo, don ki san abin da ake cinyewa da abin da ake dawowa da shi.