Kolestarol ɗina ya hau, me ya sa ake ta tura ni wajen mutane daban-daban?

Tambaya: Salam likita. Shekarata 54, an auna jinina aka ce kolestarol ya yi yawa, aka ɗora ni kan atorvastatin. Tun daga nan yau a ce in ga nas, gobe mai ba da magani, jibi masaniyar abinci, ni kuma ba inda ke min ciwo. Anya ba yawo da hankali ba ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam. Wallahi ba yawo da hankali ba ne, kuma wannan rashin ciwon da ka faɗa shi ne ma abin tsoron, don kolestarol baya sallama, a hankali yake taruwa jikin jijiyoyin jini shekara da shekaru yana tsuke hanya, wani sai ranar da zuciya ta buga ko ɓarin jiki ya shanye sannan a san da shi. Wanda muke bi shi ne LDL, mugun nau'in kolestarol kenan, kuma bincike ya nuna duk mmol/L 1 (ma'aunin da ake auna shi da shi a jini) da aka sauke, haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki na raguwa da kusan kashi 20 cikin 100.

Toh amma likita mintuna kaɗan yake ganinka, sauran watannin kana gida, kuma a nan ne magani ke lalacewa. Na taɓa duba wani bawan Allah wata shida LDL ɗinsa ko gezau, ina shirin ƙara mai ƙarfin magani, ashe tun sati na uku ya ajiye ƙwayar saboda cinyoyinsa na tsami, kunya ta hana shi gaya min. Nas ce ta ji, tana ɗaura mai abin awon jini a hannu suna hira ya faɗa. Canza mai wani statin muka yi, wato wani maganin kolestarol dangin atorvastatin ɗinka, shikenan ya zauna lafiya.

Shi kuwa mai ba da magani, dan Allah kar ka ɗauke shi mai miƙo kwali kawai. Shi zai lura in wani ya rubuta maka clarithromycin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, alhali kana shan statin, haɗin nan na iya sa maganin ya taru a jini ya taɓa tsoka. Ka kwaso duk abin da kake sha a leda ka zube mai a gaba, har wanda ka saya da kanka.

Masaniyar abinci za ta taimaka maka rage kitsen dabbobi da soye-soye ba tare da ka zauna da yunwa ba, kuma in da hali ka je da mai dafa maka abincin. Sai dai kar abinci ya sa ka bar magani, hanta ce ke ƙera mafi yawan kolestarol ɗin da kanta.

Inda zan ba ka gaskiya shi ne in kowa na faɗa maka nasa daban, to wannan ba haɗin gwiwa ba ne, kuma kana da haƙƙin yin magana. Ka tambaya: nawa ne LDL ɗina yanzu, nawa ake so ya koma, wa zan kira in na ji wani abu? Rubuta a takarda ɗaya ka riƙa nuna wa kowannensu. A sake awo tsakanin sati 4 zuwa 12 da fara magani, a haɗa da hawan jini da suga, in kana shan taba ka faɗa musu a taimaka maka ka bari. In kuma akwai wanda zuciya ta buga wa da ƙuruciya a danginku ka sanar da likita, akwai hawan kolestarol na gado da ke kama kusan mutum 1 cikin 250, in shi ne to sai an auna 'ya'yanka da 'yan'uwanka su ma. Allah ya ƙara lafiya.