Wanda ya ce "ban sani ba" game da samuwar Allah, mulhidi ne?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambaya ko agnostik, wato mai cewa "ban sani ba" game da samuwar Allah, da mulhidi abu ɗaya ne, ko kuwa agnostik yana tsakiya ne tsakanin mai imani da mai musun samuwar Allah. Ba ɗaya ba ne, kuma ba a tsakiya yake ba. Tambayoyi biyu ake cakuɗawa. Ta farko: ka yarda akwai Allah? Ta biyu: ana iya tabbatar da hakan da hujja? A ta farko mai imani da mulhidi suka raba gari. Shi agnostik, ta biyun yake amsawa.

Kalmar agnostik ba ta daɗe ba. Thomas Huxley, masanin halittu ɗan Ingila, shi ya ƙirƙiro ta a 1869 daga Girkanci: "a" na korewa, "gnosis" kuma sani. Larabawa suka ce la'adriyya, daga "la adri", wato ban sani ba. Abin da Huxley ke nufi shi ne kada ka ce ka tabbatar da abin da ba ka da dalili a kansa, ko samuwa ko rashi. Charles Darwin ma, masanin halittun nan da ake yawan ɗora wa mulhidanci, a wata wasiƙa ta 1879 cewa ya yi bai taɓa zama mai musun samuwar Allah ba, agnostik ya fi dacewa da shi.

Tunda tambayoyin daban ne, mutum ɗaya na iya ɗaukar suna biyu. Bertrand Russell, masanin falsafa ɗan Birtaniya, ya bayyana cewa a gaban masana falsafa agnostik zai kira kansa, don ba shi da hujjar da za ta kore samuwar Allah, amma ga mutumin kan titi mulhidi ne, don bai yi imani ba. Akwai kuma mai cewa hankali kaɗai ba zai kai ga tabbaci ba, amma shi ya yi imani. Ita kanta "ban sani ba" iri biyu ce: ban sani ba tukuna, da kuma ba wanda zai taɓa sani. Ta biyun da'awa ce babba, mai ita ma sai ya kawo dalili.

A ma'aunin aƙidar Musulunci kuwa lissafin ya bambanta. Imani na bukatar yaƙini, don haka wanda ya zauna daram a kan shakka bai shiga imani ba, ko da bai musa ba. Amma kada a haɗa shi da mai fama da waswasi. Sahabbai sun kai wa Annabi (SAW) kukan tunanin da suke jin nauyin furtawa, ya ce wannan shi ne tsantsar imani. Hadisin na cikin Muslim.

Inda aka fi yin kuskure shi ne jefa kowa a buhun "mulhidi". Dahriyya, masu cewa zamani ne kawai ke halaka mu kamar yadda ya zo a Suratul Jasiya aya ta 24, su ne suka yi kusa da mulhidancin yau. Likitan nan Abubakar al-Razi, an ruwaito ya soki annabci, amma ya yarda da mahalicci. Bamaguje ya san da Ubangiji, iskoki ya sa a tsakani, wannan shirka ce ba ilhadi ba. Kai, har Kiristocin farko Rumawa sun kira su marasa abin bauta, don sun ƙi gumakan daula.

In za ka tattauna da mutum, tambaye shi a jere: akwai mahalicci? Kana ganin ana iya sanin haka? Ka yarda ya aiko manzanni? Inda ya tsaya, nan za ka fara. Wanda matsalarsa wahayi ce, in ka shafe awa ɗaya kana nuna masa tsarin sama da ƙasa, zai ce ai ya yarda tun farko. Mai cewa ba a iya sani kuwa, jawo masa aya ba zai motsa shi ba, domin tushen ayar yake tuhuma. Shi sai ka fara da tambayarsa me yake karɓa a matsayin hujja.