Tambaya da Amsa: Filin da aka cike a kan tsohuwar bola, a saya ko a bari?

Tambaya: Assalamu alaikum. An yi mini tallan fili a nan Kaduna a farashi mai rahusa, amma maƙwabta sun shaida mini cewa tsohon kududdufi ne da aka shekara da shekaru ana zubar da shara a cikinsa, daga baya aka zuba jar ƙasa aka daddaɓe. Dillali ya ce sharar ta riga ta zama taki. Akwai haɗari idan na yi gini a wurin, kuma wace hukuma ce ke duba irin wannan? Daga wani mai karatu a Rigasa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Maganar dillalin ta yi daidai da 'yar bolar unguwa wadda manoma ke kwasa su kai gona kafin damina, amma ba ta shafi rami mai zurfi da aka rufe bakinsa ba. Sharar da aka binne inda iska ba ta ratsawa tana ruɓewa ne a hankali, tana fitar da gas wanda kusan rabinsa iskar metan ce mai kamawa da wuta, kuma wannan ruɓewa kan ɗauki shekara 20 ko 30 ba ta ƙare ba. Metan ba ta da wari, saboda haka hanci ba zai faɗa maka komai ba. Warin ruɓaɓɓen ƙwai da akan ji wani lokaci na wata iskar ce da ke biyo ta. Idan metan ta taru a ɗaki rufaffe ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na iskar ɗakin, ƙyasta ashana ko kunna makunnin lantarki ya isa ya tayar da fashewa. Hakan ya faru a ƙauyen Losko na Ingila a 1986, inda gas ɗin wata bola ya bi ta ƙarƙashin ƙasa ya shiga wani gida da ke kusa, gidan ya tarwatse, mazaunansa suka jikkata.

Abin da ya fi damuna a irin filayenmu, duk da haka, shi ne ruwa. Wanda ya taɓa tsayawa bakin ramin da ake haƙa don tushen gini a tsohuwar bola ya san abin da cebur ke fitowa da shi: baƙar laka mai danshi, ledar ruwa da ba ta ruɓe ba, fasassun batura, gwangwanayen fenti da tsumman da baƙin mai ya jiƙa. Ruwan damina yana wanke waɗannan ya gangara da gubarsu ƙasa, ya iske rijiyar da za ka haƙa a tsakar gida. Zuba jar ƙasa a sama ba ya cire komai daga ciki. Lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, sai da aka kankare ƙasar gidajen aka kwashe ta, sannan aka kawo tsabtatacciya aka shimfiɗa. Ƙari a kan haka, shara tana lotsawa yayin da take ruɓewa, don haka bango kan tsage, daɓe ya karkace.

Game da hukuma, Najeriya tana da dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli tun 1992, wadda Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ke kula da ita, sai dai manyan ayyuka ta fi shafa, irin su masana'antu da manyan rukunan gidaje. Mai sayen fili guda shi zai bi wa kansa. Ka je KADGIS, hukumar da ke kula da rajistar filaye ta jihar Kaduna, ka tabbatar da takardun filin, ka tuntuɓi KEPA, hukumar kare muhalli ta jihar, a kan tarihin wurin, kuma ka sani cewa izinin gini daga KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, ake karɓa. Kafin ka biya ko sisi, ka sa injiniya ya haƙa ramukan gwaji har ya tarar da asalin ƙasa, a kai samfurin ƙasar da na ruwan rijiyoyin maƙwabta ɗakin gwaje-gwaje, a kuma auna gas ɗin fiye da sau ɗaya, domin yawansa yana sauyawa tsakanin rani da damina.

Idan sharar ba ta da zurfi, ana iya kwashe ta gaba ɗaya a cike ramin da ƙasa mai kyau. Idan ta yi zurfi, akan shimfiɗa tsakuwa a ƙarƙashin daɓe, a binne bututu masu huji a cikinta, a rufe da leda mai kauri wadda gas ba ya ratsawa, sannan a fitar da bakin bututun ta saman rufi, kuma ba a haƙa rijiya a irin wannan gida. Ka sa injiniyan ya rubuta maka kuɗin wannan aiki, ka ɗora a kan farashin da dillali ya faɗa, sannan ka kwatanta da na fili mai asalin ƙasa a unguwar.