Baƙin Mai Mai Lamba Ɗaya: Zamaninsa Ya Wuce?

Tambaya: Malam, na tuna mahaifina ba ya zuba wa tsohuwar motarsa komai sai baƙin mai SAE 40, wato mai lamba ɗaya da ke nuna kaurinsa. Shin yana da amfani har yanzu?

Amsa: Ƙwarai kuwa. Ana auna kaurin irin wannan mai ne a zafin digiri 100 na ma'aunin Celsius, saboda haka da sanyi ya tsananta sai ya yi kauri har inji ya wahala kafin ya tashi, shi ya sa direbobin zamanin da suke sauya shi idan yanayi ya juya. A shekarun 1950 aka fito da mai lamba biyu irin su 10W-30, wanda ke aiki a sanyi da zafi, domin magance wannan. Ni dai har yau ina ganin SAE 30 ya dace da ƙaramin janareta lokacin zafi, muddin littafin injin ya amince.